Alhajin Gyaɗa

A Tsamiyar Goje, in kana son jin labarin abin da bai taɓa faruwa ba daga bakin wanda ya gani da idonsa, to ka nemi Malam Kallamu. Kakansa ne ya zo daga Barno fataucin kanwa, ya ga ƙasar noma ya zauna, amma in Kallamu na ba da labarin sai ka rantse shi ya jawo raƙuman. Ya san maganin tsutsar masara. Ya san ranar da injin markaɗe zai lalace, sai dai bayan ya lalace yake faɗa. Turanci kuwa, in ji shi, yana jin sa sarai, ba ya yi ne kawai don kar ya kunyata malaman firamare. Abu ɗaya ne ya gagare shi a duniya, wato a kira shi Alhaji. Sau uku, in ji shi, jirgin Makka yana tashi ya bar shi saboda sakacin direban mota.

Duk cikin surutunsa magana ɗaya ce gaskiya tsantsa: yana son ganin jikansa. Autarsa Ikhlas ta auri wani ma'aikaci mai suna Jamil, aiki ya kai su Fatakwal, can ta haifi Nabil. Yaro ya kai shekara huɗu, Kallamu bai taɓa ɗora shi a cinya ba, sai dai ya shafa hotonsa a waya. Da aka dawo da Jamil Kano suka kama gida a Rijiyar Zaki, kullum Kallamu sai ya leƙa hanya.

Ranar wata Talata da hantsi waya ta yi ƙara. A gidan Kallamu ba a samun sabis sai a kan jujin bayan gida, don haka ya tattare riga ya haye, matarsa Falta ta tsaya a ƙasa ta kasa kunne. Muryar Ikhlas tana zuwa tana yankewa.

"Baba, ranar Asabar za mu zo in sha Allahu... amma akwai magana... Nabil yana da alajin gyaɗa... mai ƙarfi ne sosai... har likita ya... kar a ba shi ko kaɗan... ko ƙuli, ko kunu, ko man... don Allah ka gaya wa kowa a shirya..."

Sai layi ya ɗauke ɗif.

Alaji dai, ga wanda bai sani ba, kalmar asibiti ce. Akwai jikin da Allah ke yi ba ya jituwa da wani abinci. Shi Nabil in gyaɗa ta shiga bakinsa sai fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, sai an ruga da shi asibiti. Abin da baiwar Allah ke ta ƙoƙarin faɗa ke nan. Amma tsakanin bakinta da Tsamiyar Goje akwai tafiya mai nisa, kuma a ƙarshen tafiyar akwai Kallamu.

Ya sauko daga juji yana washe baki. "Falta, kakarmu ta yanke saƙa! Kin ji da kunnenki. Da Alhajin gyaɗa za su zo."

"Wane Alhaji kuma?"

"Babban dillali mana! Ba ki ji ta ce mai ƙarfi ne sosai ba? Mutumin da har likitansa gare shi na kansa. Kuma ta ja mini kunne, kar a ba shi kaɗan."

"Malam, ni fa kamar 'ko kaɗan' na ji."

"Wannan 'ko' ɗin sabis ne ya yi tari."

"To kira ta mana ta maimaita."

Kallamu ya sha mur. "In kira 'yar da na haifa in ce ban gane maganarta ba? Ni? Ai har abin da za a ba shi ta lissafa: ko ƙuli, ko kunu, ko mai. Mu kuwa duka za mu haɗa masa." Ya jefa waya a aljihu, ya zuge zif.

Kafin azahar ya kai labari majalisar gindin tsamiya. Kaka ce, an gama cirar gyaɗa, kowa na da 'yan buhunansa a ɗaki yana jiran mai saye na kirki, don haka kunnuwa suka miƙe. Mutum ɗaya ne bai motsa ba, abokin wasansa Sama'ilu, Bafulatani mai gero da shanu uku, wanda tun suna yara aikinsa shi ne tsokanar Kallamu.

"Tsaya, Babarbare," in ji Sama'ilu. "Ka ce wa ke da Alhajin?"

"Nabil, jikana."

"Ɗan shekara huɗun? Ina ya samo Alhaji?"

"Kai da saniya kake hira, ina za ka san tsarin birni? A Fatakwal kowane yaro da Alhajinsa."

"Shi Alhajin ba shi da suna?"

"Manya ba a kama sunansu a waya."

"Kuma duk kasuwar Dawanau ba ta ishe shi ba, sai ya biyo Tsamiyar Goje?"

"Labarin gyaɗata ya ji! Kai dai da ba ka da ko ƙwaya ɗaya, ranar Asabar ka kulle shanunka, kar su yi wa baƙo atishawa."

Aka bushe da dariya, amma dariyar ba ta hana mutane biye masa ba. Wa zai so a ce Alhaji ya zo ya tafi bai ga buhunsa ba?

Shirin Kallamu ba ƙarami ba ne. Ya ce dala za a gina a ƙofar gidansa, irin dalar gyaɗar Kano ta zamanin da, wadda ya ce shi ya ɗora buhun ƙarshe a kanta yana ɗan shekara shida. Laraba da safe ya bi gida gida da baro. Bai bar buhu ba, bai bar tiya ba. Har 'yar gyaɗar miya da matar Sama'ilu ta ajiye a gwangwani sai da ya karɓo, wai don a cike gurbi. Ya tara mata ya naɗa Aina'u mai ƙuli shugaba, ya ce duk abin da za a ci ranar Asabar, in babu gyaɗa a ciki, kar ya ƙetare zaurensa.

Dalar farko ta kai ƙirjin mutum, ta karkace, ta kwanta a kan baron. Kallamu ya ce gwaji ne. Ta biyu ta tsaya, sai awakin gari suka gano ta. Ya yini yana bin su da sanda, yana korar na gabas na yamma na huda buhu. Wani bunsuru ya bi ta tsakanin ƙafafunsa ya zaunar da shi a cikin kwandon ɓawo. Sama'ilu da ke wucewa ya tsaya ya yi masa sannu.

"Ko Alhajin ne ya iso da ƙahoni?"

"Wuce, ɗan baƙin ciki!"

Ranar Alhamis Ikhlas ta sake kira. Kallamu ya haye juji da gudu, ya yi wa Falta alama da hannu ta tsaya can nesa.

"Baba, ka gane bayanin da na yi maka ran nan? Layin bai da kyau."

"Haba auta! Tun kafin ki rufe baki na gane."

"Ka gaya wa kowa?"

"Har jariran goye sun sani."

"To batun gyaɗar fa?"

"Ke dai kwantar da hankalinki. Duk gyaɗar garin nan na bi gida gida na tattare ta. Ko ƙwaya ɗaya ba ki samu a ɗakin kowa."

Ikhlas ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Allah ya saka da alheri, Baba. Wallahi tsoron da nake ji ke nan ya hana ni kawo shi tun da muka dawo."

"Tsoron me? Ai in dai ina raye ba za ki ji kunya ba!"

Ya sauko yana hura hanci. Falta ta ce, "Ka tambaye ta 'ko' ɗin?"

"Har addu'a ta yi mini. Ke kuma kina nan kina riƙe da 'ko' kamar gadon uwarki."

Falta ta koma kan turminta, amma zuciyarta ba ta kwanta ba.

Asabar ta zo. Tun da sassafe hayaƙin suya ya rufe unguwa. Ga kunun gyaɗa a manyan robobi, ga ƙuli-ƙuli mai zobe da mai sanda, ga soyayya ga dafaffiya, ga miyar taushe da ta sha gyaɗa har cokali na tsayawa a ciki, ga kwaɗon zogale, ga tsire an burbuɗe shi da ƙuli. Aina'u ta zuba man da ta matse a babban faranti mai zurfi a gindin dala, don Alhaji ya ga kyansa. Kallamu ya sha babbar rigarsa ta Salla, ya cika aljihu biyu da ƙuli, yana ɗanɗana kowace tukunya wai yana duba aiki.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata baƙar mota ta tsaya a bakin hanya. Wani ƙaton mutum mai tumbi da farar shadda ya fito yana waige-waige.

"Ya iso!" Kallamu ya kurma ihu. Mata suka rangaɗa guɗa.

Kafin mutumin ya gama sallama an kama hannuwansa biyu, an zaunar da shi a kujerar roba, an ɗora masa kwanon kunu a cinya.

"Bayin Allah, ni fa hanyar Shanono nake tambaya."

"Za a nuna maka, ranka ya daɗe. Sha kunu tukuna. Ina ka baro su Nabil?"

"Wane ne Nabil?"

Kallamu ya juya ya ƙyafta wa jama'a ido, ya yi raɗa yadda kowa zai ji: "Dabarar manyan 'yan kasuwa ce. Ba sa son a gane su."

"Malam, sunana Zaharaddini. Tayar mota nake sayarwa."

"Kun ji ko? Har da taya! Na gaya muku mai ƙarfi ne. Aina'u, ƙaro masa ƙuli. An ce kar a ba shi kaɗan."

Bawan Allah ya sha kunu kwano biyu don ya samu a sake shi, aka kawo tuwo. Ya ci tuwo, aka kawo tsire. Ya yunƙura zai tashi, dattawa biyu suka dafa kafaɗunsa cikin girmamawa. Gumi ya jiƙa masa shadda. Sama'ilu ya matso ya duba fuskarsa da kyau, ya ce, "Kallamu, wannan Alhajin naka fa kamar kuka zai yi."

"Daɗi ne ya ratsa shi."

Daga nan Kallamu ya ga lokacin jawabi ya yi. Ya tattare riga ya hau dala, buhu bayan buhu, har ƙoli. Ya yi gyaran murya, ya fara da tarihin kakansa da raƙuma. Yana cikin bayanin yadda ya taɓa koya wa wani Bature shuka gyaɗa, sai ya hango wata 'yar jar mota ta karyo kwana, Jamil na tuƙi, Ikhlas a gefe, wani ɗan kai yana leƙe ta gilashin baya.

Jawabi ya tsaya cak. Shekara huɗu yana jiran wannan ɗan kan. Ya manta a ina yake tsaye, ya ɗaga ƙafa kamar mai fita daga zaure.

Buhun da awaki suka huda shi ya fara zamewa. Na ƙasansa ya bi shi. Dala ta buɗe baki, Kallamu ya taho a zaune, gyaɗa na bin sa kamar ƙanƙara, bai tsaya ko'ina ba sai cikin farantin man Aina'u. Allah ya taimaka man ya huce. Aina'u ta ɗora hannu a ka tana salati, awaki suka yo caa, Alhaji Zaharaddini kuwa ya ga hankali ya bar kansa, ya tattara tumbinsa ya ruga mota da tsinken tsire a hannu.

Kallamu ya miƙe, mai na ɗiga daga gemunsa, ɓawo ya manne masa tun daga hula har takalmi. Ko a jikinsa. Ya nufi jar motar da hannu buɗe yana kiran, "Abokina! Abokina!"

Ikhlas ta riga ta fito. Ta shaƙi iska sau ɗaya, ta dubi robobin kunu, ta dubi gyaɗar da ta malale har gindin taya, fuskarta ta canza. "Inna lillahi! Jamil, kar ka buɗe masa ƙofa!" Ta juya tana lalube a jakarta.

Amma yaro ya riga ya sauke gilashi da kansa, yana kallon wannan tsoho mai ƙyalli. Kallamu ya zaro ƙuli mai zobe daga aljihu ya miƙa masa. "Ungo, abokina, na kakanka ne." Nabil ya miƙo hannu.

Falta ce ta fara ganewa. Fuskar 'yarta kawai ta kalla, 'ko' ɗin nan da ta riƙe kwana huɗu ya faɗo mata a rai. Ludayin kunu na hannunta. Shekara talatin da takwas da aure ba ta taɓa ɗaga wa Malam murya ba, amma ranar ta sauke masa ludayi a wuyan hannu, ji kake ƙwas! Ƙuli ya yi sama, bunsuru ya cafe.

"Ko kaɗan, Malam! Ko kaɗan ta ce!"

Jamil ya ɗage gilashi.

"Falta, ni kika doka? A gaban surukina? A gaban Alhaji?" Ya waiga, kujerar roba ce kawai a kife. "Ina Alhajin?"

"Wane Alhaji, Baba?" in ji Ikhlas, hawaye na zubo mata.

"Alhajin gyaɗar da kika ce Nabil na da shi!"

"Alaji, Baba! Alaji! Ciwo ne!" Ta fiddo wata allura mai kama da biro daga jaka ta ɗaga. "Ka ga wannan? Ko'ina da ita nake yawo." Ta buɗe waya ta kai masa fuska. Hoton Nabil ne a gadon asibiti, idanu sun kumbure sun rufe, leɓe ya yi suntum, da roba a hanci. "Rabin ƙuli ya ci a gidan maƙwabta. Rabi. Kwana uku muka yi ban san zan dawo da shi gida ba."

Kallamu ya dubi hoton. Ya dubi hannunsa mai maiƙo, ya dubi ɗan hannun da ya kusa karɓa. Bakinsa ya buɗe, ba abin da ya fito. Mutanen Tsamiyar Goje sun ce tun da suke ba su taɓa ganin haka ba.

"Mu juya, Jamil," in ji Ikhlas. "Ba inda zan sauke shi a garin nan."

Nan ne jikin tsoho ya yi sanyi na gaske. "Auta," ya ce a hankali, "ko daga nesa ne, bar ni in gan shi."

Sama'ilu ya yi tari. "Ikhlas, 'yata, kafin ku juya. Gidana da man shanu ake girki. 'Yar gyaɗar miyar da muke da ita ma ubanki ya ƙwace tun Laraba. Yau duk garin nan ba gidan da ke da gyaɗa sai nasa. Gidana kuwa ga shi can bayan masallaci, iska ma ba ta kai hayaƙin."

Ikhlas ta je da kanta ta duba tukwane da kwanuka da tabarmi, sannan ta yarda aka shiga da yaro. Falta ta yi wanka ta sauya kaya, aka bar ta ta shiga wurin angonta. Kallamu ya biyo baya, Ikhlas ta tare ƙofa.

"Baba, ka yi haƙuri. Kai yanzu gaba ɗayanka gyaɗa ne."

A bakin burtsatsen gari aka yi aikin, rana tsaka, daga shi sai gajeren wando. Sama'ilu na buga famfo, liman ya ba da aron soso, Aina'u ta aiko da sabulun wanki tare da saƙon cewa maganar man gyaɗarta tana nan. Aka wanke shi sau ɗaya, Falta ta zo ta shinshina ta ce saura gemu. Aka sake, ta ce saura kunne. Ya yi asuwaki har dasashi ya yi ja. Duk tufafinsa sun sha hayaƙi, dole ya sa rigar Sama'ilu, wadda ta tsaya masa a cibiya. Masu gyaɗa suna tsince kayansu daga bakin awaki, da suka ga ya taho sai wani ya ɗaga murya: "A ba Alhajin Gyaɗa hanya!" Nan take gari ya ɗauka.

Da wannan kirarin ya shiga gidan Sama'ilu. Nabil na zaune a tabarma yana shan fura. Ya ji abin da ake kira a waje, ya dubi tsohon, sai ya ajiye ludayi ya ɓuya a bayan uwarsa.

"Momi, shi ne alajina? Wanda likita ya ce in gudu in na gani?"

Ba wanda ya yi dariya, har Sama'ilu. Kallamu ya durƙusa a bakin tabarma, idonsa ya kawo ruwa.

"Ni ne, abokina," ya ce. "Amma an wanke ni. Sau uku."

Yaro ya leƙo. Ya dubi uwarsa, ta gyaɗa kai. Ya matso a hankali, ya kama gemun ya shinshina yadda ya ga kakarsa ta yi.

"Sabulu," in ji shi. Ya haye cinyar ya zauna.

Har la'asar Kallamu yana riƙe da yaro kamar ƙwai.

Amma kar ku ce ya warke. Washegari a gindin tsamiya ya bayyana wa majalisa cewa shi tun ranar Talata ya gane komai, ya tara gyaɗar gari wuri ɗaya ne da gangan don sauran gidaje su zama lafiyayyu ga jikansa, kuma likitocin Fatakwal ma ba su kai ga wannan dabarar ba. Sama'ilu ya tambaye shi ludayin fa, ya ce shi ma yana cikin shirin.

Yanzu duk ƙarshen wata ana kawo Nabil, kuma kwana biyu kafin ya zo ba mai soya ƙuli a unguwar, don Kallamu na bin gida gida yana shinshina tukwane yana ce wa mata, "Ko kaɗan!" Sunan kuwa ya bi shi har kasuwar Shanono. In ka kira shi Alhajin Gyaɗa sai ya ɗaure fuska ya kau da kai. Amma in ka tsaya a rabin farko, yakan amsa.